Haladu da Wadannin Itatuwan Duktur

Duk wanda ya ce mini Haladu mutumin kirki ne, sai in ce masa to, kirkin ya kai shi ina? Ni ce dai na san shi. Mijin yayata ne, marigayiya Radiyya, kuma gida ɗaya muka yi aiki a unguwar Khalidiyya ta Madina shekara goma sha tara, ni Iyatu ina kicin, shi yana lambu. In ma lambu za a kira shi, wurin da ba a taɓa tsinko ko barkono ɗaya a cikinsa ba. Abu ɗaya tak na san Haladu yana so a duniya: ya mutu a Madina, a yi masa salla a Harami, a sa shi a Baƙi'a inda aka sa matarsa. Ku tsaya ku ji yadda ya yi da wannan burin nasa.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Tasawa, ɗan manoman gero. Da ya zo ƙasar nan gonar dabino aka kai shi, can bayan gari, ya shekara biyar yana hawa yana sauka har tafin ƙafarsa ya koma kamar ƙirgi. A lokacin ya ga Radiyya. Na ce mata, "Yaya, duk mazan Madina ki rasa na ɗauka sai wannan da ke hira da shuka?" Ta ce aƙalla shuka ba ta kai gulma. Aka ɗaura.

Ni ce ma na jawo shi gidan da nake aiki, Allah ya yafe mini. Maigidanmu likita ne, Duktur Abu Fahad, ya yi karatu a wata ƙasar sanyi ya dawo da cutar da duk likitancinsa bai warkar masa ba, wato son wadannin itatuwa. Ya gina musu ɗakin gilashi a tsakar gida, ya kafa mukayyif huɗu suna hura musu sanyi ba dare ba rana, mu kuma a kicin fanka ɗaya ce mai tari kamar tsohuwa. Ya sa aka jera komayen dutse irin na shayar da dabbobi, aka huda gindinsu, aka cika su da tsakuwa da ɗan rairayi, aka dasa baƙaƙen duwatsun bayan gari a tsakani. A cikin wannan tsakuwar itatuwan suke. Ice ya shekara talatin bai kai gwiwata ba! Ba inuwa, ba 'ya'yan ci, ganyen kamar allurai, ko akuya ta gani sai ta kau da kai.

Watan Haladu na farko ya nuna hali. Ya dubi itatuwan nan ya ce yunwa ce ta tsumburar da su, ya je kasuwar dabbobi ya ciko buhu da takin tumaki, ya zuba musu, ya bi da ruwa kamar mai shuka alayyafo. Biyu suka mutu. Na ce shi ke nan, tattara kayanka. Amma Duktur, da yake shi ma ba daidai yake ba, sai ya jawo kujera ya zaunar da shi ya shiga koya masa. Ya ce ƙanƙantar nan ita ce darajarsu, haka Allah ya yi irinsu, a shekara ba sa ƙara tsawon gaɓar yatsa. Ya kuma kafa masa doka guda da ya maimaita har ni da ke leƙe ta taga na haddace. In ka ga ɗayansu ya fitar da reshe dogo, ƙaƙƙarfa, mai manyan allurai wanda bai yi kama da sauran jikinsa ba, ka yanke shi a ranar. Icen ne yake son komawa irin kakanninsa na daji, in ka bar reshen zai janye duk ƙarfin, wadan ya mutu a ƙarƙashinsa.

Daga nan Haladu ya lalace. Mutumin da ya iya noman gero ya koma yawo da ɗan almakashi da burushin goge haƙori, yana share wa ice ƙura. Duktur ya soka wa kowanne ɗan allo mai sunansa da boko, wasu sunaye dogaye kamar na maganin asibiti, amma feshin ruwa ya cinye rubutun tun tuni, kuma ko da bai cinye ba Haladu ba ya karanta boko. Sai ya raɗa musu nasa. Akwai Bushiya, wani dunƙulalle mai tsini. Akwai Mai-rarrafe da ke bin dutse yana zubowa ta bakin komi. Akwai 'Yar-biyar, akwai Sawun-kaza, akwai Mai-ƙamshi. Su ashirin da uku, kowa da sunansa, ka ce 'ya'yan da bai haifa ba ne.

Wata rana na shiga shan sanyin mukayyif, na ce masa ni duk ɗaya nake ganinsu, tsintsiya ce kore. Wayyo, da na sani da ban taɓo shi ba. Ya kamo hannuna ya ɗora mini allura ɗaya.

"Murza ta tsakanin yatsunki. Ta juya?"

"Ta juya, sai me?"

"To gefe huɗu gare ta, dangin wancan da nake kira Malfa ke nan. Karɓi wannan. Ta juya?"

"Ta ƙi."

"Shimfiɗaɗɗiya ce, duba bayanta, farin layi biyu. Wani gida ne daban. Wancan kuma shi Larabawa ke kira sanaubar, allurarsa ba ta fita ita kaɗai, sai a ɗaure cikin kube. Ƙirga. In biyu ne Bushiya, in biyar ne 'Yar-biyar."

Ya juya mini ganyen wani ya nuna wasu fararen zane ƙanana a ƙasansa, wai kamar kaza ta taka gari ta wuce. Ya murje na wani ya kai mini hanci, ƙamshi kamar abarba. Na wani kuma ɗaci-ɗaci, ya ce ar'ar sunansa da Larabci, 'yan uwansa na nan a duwatsun Ɗa'if. Na ce, "Yaya Haladu, da wannan kan naka ka sa a karatu da yanzu limami ne kai." Ya yi dariya. Albasata ta ƙone a wuta ranar, ban kuma yafe masa ba.

Cikin su duka akwai na gaban goshin Duktur, wanda Haladu ke kira Malfa saboda siffarsa, faɗi a ƙasa tsini a sama, cunkus da ƙananan allurai masu laushi. Duktur ya zo da shi ne shekarar da aka haifi 'yarsa Nadiya, yana kiransa icen Nadiya. Daga baya ya sayo wani irinsa sak, aka sa a komin da ke kusa da ƙofa, Haladu ya sa masa Ƙanwar Malfa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara takwas ke nan Radiyya ta rasu, ciwon ƙoda. Ba su bar ɗa ba. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka ɗauke ta suka shiga Baƙi'a, mu mata muka tsaya a waje bakin shinge, don ba ma shiga. A can ba a rubuta suna a kan kabari, dutse kawai ake ajiyewa. Haladu ya fito ya ce mini kada in damu, ya gane wurin, dutsen baƙi ne mai tsagi a gefen dama. Tun daga ranar duk Juma'a bayan la'asar yana can. Danginsa suka yi ta aiko masa ya dawo gida ya yi aure, gonar ubansa na nan. Ya ce shi dai a sa shi inda aka sa ta. To zaman baƙo a ƙasar nan kowa ya san a kan me yake tsaye: iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuma iƙama sai da kafil, mai ɗaukar nauyinka. Kafil ɗin Haladu Duktur ne.

Bayan shekara biyu Duktur ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka hau da shi sama bai ƙara saukowa ba. Nadiya tana aure a Jidda, in ta zo gefen gadon ubanta take wuni. Ɗansa Fahad kuwa ko hanyar ɗakin gilashin ba ya bi. Aka bar Haladu shi kaɗai da wadanninsa.

A shekarar ce na ga abin. Na shiga kai masa shayi, sai ga wani reshe ya fito daga kafaɗar Malfa, miƙaƙƙe, kauri kamar yatsa, alluransa dogaye a warwatse.

Na ce, "Yaya Haladu, wannan ba irin wanda Duktur ya ce a yanke ba ne?"

Ya ce, "Shi ne. Gobe."

Goben nan shekara biyar ta yi. Ina ganinsa yana tsayawa a gabansa yana auna shi da taƙi, fuskarsa kamar ta wanda geronsa ya yi kyau. Na yi magana har na gaji. Na ce masa wawa, na ce masa baƙauye, na ce ranar da asirinka ya tonu kada ka kira sunana. Reshen ya wuce ƙugu, ya wuce kafaɗa, ya yi rassa ya zama ice sosai yana neman rufin gilashi. Ita kuwa Malfa ta ainihi ta yi ja, ta zube, ta koma 'yan busassun tsinke a gindinsa. Duk safiya Haladu zai hau sama ya gaida Duktur, tsohon ya tambaye shi da karkataccen bakinsa yaya itatuwa, shi kuma ya ce suna gaishe ka. Wai a nan bai yi ƙarya ba.

Bara, bayan ƙaramar salla, Duktur ya cika. Da aka share makoki magana ta taso. Kafil ya mutu, dole wani cikin magada ya mayar da mu sunansa, in ba haka ba sai huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Ni Fahad ya riƙe ni, don cikinsa ba zai iya rabuwa da girkina ba. Ɗakin gilashi kuwa ya ce a rushe, wuta kawai yake sha, wurin ajiye mota yake so. Nadiya ce ta tsaya. A gabana ta ce in dai icenta na nan da rai za ta riƙe ɗakin, ta mayar da kafalar Ammu Haladu, wato Baffa Haladu, sunanta, ya zauna har iyakar ransa. Ta ce za ta kawo masani ya rubuta mata sunan kowanne, don ta san abin da uban ya bari.

Da hantsi na sami Haladu yana feshi. Na rufe ƙofa na ce, "Saurara, mijin Yaya. Yarinyar nan rabonta da ɗakin nan tun kafin aurenta. Ga Ƙanwar Malfa can, kamarsu ɗaya. In ta nuna ta ta ce ita ce, ka ce na'am. In ma ba za ka iya cewa na'am ba, ka rufe bakinka kawai. Shiru dai ba zunubi ba ne." Ya ci gaba da feshinsa. Na ce, "Ka ji ni ko? Baƙi'a fa!" Ya ce ya ji.

Masanin da aka kawo Bakri ne, wani Bahaushen Sudan mai aiki a mashtal, inda ake sayar da shuke-shuke. Muhandis yake kiran kansa, wai injiniya. Muhandis ɗin me, oho. Ya shigo da tumbi da turare da jawwal, wato wayar salula, a hannu, in ya saita ta a kan ice ya ɗauki hoto sai ta faɗa masa suna, shi kuma ya karanta da ƙarfi yana gyaɗa kai kamar daga ƙirjinsa ya ciro. Ya ba Bushiya da 'Yar-biyar suna ɗaya. Na ga Haladu zai yi magana, na harare shi, ya haɗiye. Bakri ya ce Sawun-kaza da Mai-ƙamshi iri ɗaya ne, ɗaya dai ya fi ƙoshi. Haladu ya dubi rufi.

Da Bakri ya iso kan dogon icen, ya ɗauki hoto ya taɓe baki. Ya ce wannan ba ya cikinsu, icen daji ne gama-gari, wataƙila tsirowa ya yi, a tumɓuke shi. Nadiya ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Sai ya juya kan Ƙanwar Malfa, ya karanto wani dogon suna. Nadiya ta buɗe tsohon littafin ubanta da ta zo da shi, ta duba, sunan ya yi daidai. Ta ciro hotonta tana 'yar shekara huɗu a tsaye kusa da ɗan ice mai tsini, ta kara, kama ta yi kama. Ta durƙusa a kan tsakuwa da abayarta, ta shafa shi, hawaye na zuba. Ta ce, "Halas, shi ke nan, ya Ammu. Gobe zan sa a fara takardunka. Allah ya saka maka."

Wallahi har na fara hamdala a zuciyata, ina tunanin wainar da zan soya in raba. Sai na ji gyaran murya.

"Sitti Nadiya," in ji Haladu, "sunan daidai ne. Amma ba naki ba ne."

Inna lillahi! Na taka masa ƙafa, na ce da Hausa, "Rufe mana baki, tsohon banza!" Ko gezau. Ya wuce gaban dogon icen ya tsuguna, ya share tsakuwar gindinsa da hannu. Ga busassun tsinken Malfa, ga kuma wani ɗan awarwaron azurfa irin na jarirai ya nutse rabi cikin ɓawon icen. Duktur ne ya maƙala shi tun ranar da ya dasa, daga hannun jaririyarsa ya ciro. Ita ta manta da shi sai da ta gani.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai ta bi icen da ido har rufi.

"Me ya same shi?"

"Reshe ya fitar. Irin wanda ake yankewa."

"Ka san ana yankewa?"

"Na sani. Duktur ya koya mini."

"To don me?"

Na ce yanzu zai ce ciwo ya yi, ko bai lura ba, ko wani abu dai irin na masu hankali. Ina! Cewa ya yi, "Shekara da shekaru ina tsaron su kada su girma, Sitti. Wannan ɗaya ya miƙe da kansa. Sau uku ina ɗauko almakashi, hannuna ya ƙi. Ni manomi ne."

Ka ji fa. Manomi! Sai a lokacin ya tuna.

Nadiya ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe ta kakkaɓe abayarta, ta ce, "Babana yana sama a kwance, kullum yana tambayarka." Ta sa hoton cikin littafin ta fita. Bakri ya tsaya yana danne-dannen jawwal kamar ba ya wurin.

Da muka rage mu biyu na zazzage masa tas. Na ce da ka yanke reshe ɗaya da ba a kai nan ba, da ka yi shiru na minti ɗaya da an wuce wurin, biyu duk ka kasa. Ya ce yana iya jin an kira Bushiya da sunan wani ya daure, amma ba zai iya kallon yarinyar tana kuka a kan icen da ba nata ba. Na ce ai ga shi yanzu tana kuka a kan nata, ka huta.

Cikin sati uku aka buga masa huruj. Wadannin aka ba wani abokin Duktur a Ɗa'if, Bakri ya zo da babbar mota ya kwashe, ya manna wa uku takarda mai suna ɗaya. Haladu, wanda aka kora, shi ne ke bin ma'aikata yana cewa a hankali da Mai-rarrafe, kada a ba Bushiya ruwa da yawa. Ban taɓa ganin rashin zuciya irin wannan ba. Dogon icen babu mai so, aka ciro awarwaron aka kai wa Nadiya, shi kuma aka ja kominsa waje bakin get cikin ranar Madina. Kwana tara ya yi, ya koma ja tun daga sama har ƙasa.

Ranar Juma'arsa ta ƙarshe na raka shi. Muka ɗauki tasi zuwa tsakiyar gari, muka ratsa alhazai da masu sayar da tasbaha, ina tafe ina yi masa faɗa, yana tafe yana cewa haka ne. Bayan la'asar aka buɗe ƙofar Baƙi'a ya shiga da sauran maza, na tsaya bakin shinge inda na tsaya shekara bakwai da suka wuce. Ya daɗe ƙwarai, sai da masu gadi suka fara fitar da mutane na hango shi yana tahowa a hankali, takalmansa a hannu.

Na ce, "Ka yi mata sallama?"

Ya ce, "Na yi wa kowa da kowa."

"Kamar yaya kowa da kowa? Dutsen mai tsagi fa?"

Ya juya takalman a hannunsa. Ya ce, "Na duba, Iyatu. Na bi layin sau huɗu, har shafawa na yi da hannu. Ko an gyara wurin ne, ko idona ne yau, ban sani ba. Duk iri ɗaya na gan su."

Na buɗe baki in ce masa kai da ke bambance allura da allura, maganar na nan a kan harshena a shirye. Kuka ya riga ta fita. Na tsuguna a jikin shingen nan ina yi kamar ranar da aka binne Yaya, don tausayinsa ya kama ni, kuma haushinsa bai sake ni ba. Shi ne ma ya koma yana ba ni haƙuri a gaban mutane, wawan Allah, yana cewa in tashi kada in ɓata abayata, jirginsa na safe ne kuma bai gama ɗaure kaya ba.